Dabaga: Ciyawar da ke Tattaki Neman Taki

Matafiyin da ya fita Agadas ya miƙi hanyar arewa maso gabas, ta Azel da Indudu, ba zai daɗe ba sai ya lura cewa duk wani abu mai rai a yankin ya jeru ne bisa layi guda. Dama da hauni baƙaƙen duwatsu ne da tsakuwa, tsakiya kuwa ga faffaɗan gadon rairayi na ƙoramar Telwa, wanda goriba da itatuwan ƙaya da dabino suka yi wa shinge. Bayan tafiyar kimanin kilomita 45 sai a iso Dabaga, cibiyar ƙaramar hukuma a gundumar Cirozerin, cikin jihar Agadas. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta samu kusan mutum 24.000 a ƙaramar hukumar, akasarinsu Abzinawa masu noman garka da kiwon awaki da raƙuma.

Ruwan sama a nan bai taka kara ya karya ba, don a mafi yawan shekaru ba ya kai milimita 200. Abin da ke riƙe da Dabaga shi ne ruwan da ke sauka bisa duwatsun Abzin tsakanin Yuli da Satumba. Dutse ba ya shan ruwa, sai ya tattara shi ya turo cikin Telwa, ƙoramar ta cika ta batse na ƴan sa'o'i ko ƴan kwanaki, ta wuce ta gefen Agadas ta bazu a filin Irhazer. In ta wuce sai gadon ya bushe kamar ba a yi ba. Amma wani kaso na ruwan ya riga ya nutse cikin rairayi, kuma shi ne rijiyoyin garake ke sha har wata damanar ta kewayo.

Noma a waɗannan kwaruruka ba baƙon abu ba ne. A watan Oktoba na 1850, Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawon ƙasashenmu da sunan Abdul Karim, ya ratsa kwarin Awdaras da ke arewa da Dabaga a kan hanyarsa ta zuwa Agadas, ya tarar da goriba da yawa da kuma mutane suna noma. Abin da ya sake tun daga lokacin shi ne yawan garaken da irin abin da ake shukawa. Da can alkama da masara da hatsi ake yi don ci a gida. Yanzu albasa da tafarnuwa da dankalin Turawa da tumatir ake yi don kasuwa, kuma albasar Abzin tana da wata daraja ta dabam, domin tana fitowa a ƙarshen shekara, lokacin da ta Galmi da sauran yankin Tawa ta yi ƙaranci.

Garka da cikinta

Garkar Abzin fili ne da aka kewaye da shingen ƙaya, da rijiya a gefen da ya fi tudu. A tsarin gargajiya, wanda Abzinawa ke kira tekarkart, ana kafa itatuwa bisa bakin rijiya da ƙwarƙwaro, sa ko raƙumi ya ja igiya, gugan fata ya hau ya juye ruwansa cikin kwararo. A yau injin ban-ruwa ya karɓe wannan aiki a garake da yawa, ga kuma famfo mai aiki da hasken rana ya fara shiga. Ko da wace hanya aka ɗaga ruwan, tafiyarsa ɗaya ce: babbar hanyar ruwa, ƙananan hanyoyi, sannan fangali bayan fangali, mai garka na buɗe wannan yana toshe wancan da hauya.

Wanda ya tsaya daga nesa zai ce ƙasar garka duk ɗaya ce. Mai garka ya san ba haka ba ne. Fangalin da ke kusa da rijiya ya fi shan ruwa. Inda aka sauke buhun kashin awaki kafin a baza shi, wurin zai fi duhun ganye har ƙarshen shekara. Inda ambaliya ta ajiye laka ba ɗaya ba ne da inda ta ajiye tsabar rairayi, ko da taƙi biyu ne tsakaninsu. Su ma sinadaran taki kowane da halinsa. Azot, wanda ke sa ganye ya yi kore shar, yana narkewa ya bi ruwa, a ƙasa mai rairayi kuwa ban-ruwa biyu ko uku na iya kai shi inda saiwa ba ta isa. Fosfor shi ba ya motsi, inda aka ajiye shi nan yake zama, sai saiwar da ta zo ta same shi. Ke nan abincin shuka a garka tsibi-tsibi yake, nan akwai, can babu.

Albasa ko tumatir, inda aka dasa shi nan zai rayu nan zai mutu. In ya dace da wuri mai taki ya ji daɗi, in bai dace ba sai haƙuri. Amma akwai wasu tsirrai a cikin garkar da ba su yarda da wannan hukunci ba, su tashi suke yi su bi abincin.

Masu tafiya ba ƙafa

Ta farko ita ce ciyawar kiri-kiri, wadda wasu ke kira tsarkiyar zomo. Duk bakin hanyar ruwa da kunyar fangali za a gan ta shimfiɗe kamar tabarma. Tana miƙa yaɗo bisa ƙasa, kowace gaɓa ta taɓa danshi sai ta saki saiwa ƙasa, ta tayar da ganye sama. Tana da wani karan kuma da ke tafiya a ɓoye ƙarƙashin ƙasa. Na biyu shi ne jiji, wanda ake kira aya-aya a wasu wurare, ɗan'uwan ayar da ake nomawa a jihar Maraɗi. Shi ƴan ƙwayoyi yake yi a cikin ƙasa, haɗe da juna da siririn zare kamar carbi. Waɗannan biyu ba a garaken Telwa kaɗai suka yi suna ba. A 1977, masanin nan na Amurka LeRoy Holm da abokan aikinsa sun jera ciyayin da suka fi cutar da noma a duniya, jiji ya zo na ɗaya, kiri-kiri ta zo ta biyu.

Ba duka masu wannan hali ne abokan gaba ba. Na'ana'ar da ake sa wa shayi haka take yaɗuwa. Dankalin Hausa, da igiyarsa ake dasa shi, kuma igiyar na yin saiwa a gaɓoɓinta. Dabino yana fitar da ƴaƴa a gindinsa. Goriba na tsiro daga ƙarƙashin ƙasa ta yi cincirindon kaba. A kududdufan kudu akwai kainuwa, wadda Bahaushe ya yi wa kirari da dashen Allah, ita ma da yaɗo take haihuwa bisa ruwa.

Abin da ya haɗa su duka shi ne, ɗan da ya tsiro daga gaɓa ba daga iri ya fito ba, yanki ne na jikin uwar. Halinsu ɗaya, jininsu ɗaya. Matuƙar yaɗon da ya haɗa su bai yanke ba, ruwa da gishirin ƙasa da zaƙin da ganye ke sarrafawa daga hasken rana suna bi ta cikinsa daga wannan zuwa wancan. Abin da ido ke gani kamar ciyawa ɗari, sau da yawa ciyawa guda ce mai baki ɗari. A jihar Yuta ta Amurka akwai wani kurmi da ake kira Pando, mai fadin hekta 43 da kututture kusan 47.000, wanda bincike ya nuna duk itace ɗaya ne da ya bazu ta saiwa.

Abin da masana suka auna

Yadda irin waɗannan tsirrai ke amsa taki in sun same shi a wuri guda, an yi shekaru ana auna shi. A 1987, Slade da Hutchings na jami'ar Sussex a Ingila sun yi gwaji da wata ciyawa mai yaɗo ta ƙasashen Turai, dangin na'ana'a, mai suna Glechoma hederacea. Inda suka ba ta taki sosai, sai gaɓoɓinta suka gajarta, ta yi rassa da yawa, ƴaƴanta suka cunkushe wuri guda. Inda takin ya yi ƙaranci, sai gaɓoɓin suka yi tsawo, rassan suka ragu. Ma'ana, in ta samu wurin ci sai ta yada zango, in ta shiga fako sai ta ɗaga ƙafa ta ratsa shi da sauri. Binciken da ya biyo baya a kan wasu tsirrai ya nuna cewa tsawon gaɓa ba koyaushe yake sakewa ba, amma yawan rassa da yawan saiwa a wuri mai taki abu ne da ake samu kusan ko'ina.

A 1994, Birch da Hutchings suka ƙara wani gwaji da ya kamata duk mai sayen taki ya ji. Sun ɗauki taki mudu ɗaya a ce. A wani akwati suka gauraye shi da rairayi ko'ina daidai, a wani kuwa suka tara shi a tsakiya. Adadin takin bai bambanta ba. Amma ciyawar da ta samu takin a tare ta ninka ɗayar nauyi sau biyu da rabi. Dalili shi ne, ƴaƴan da suka faɗa bisa tarin takin sun zuba saiwa mai yawa da wuri, suka kwashi abinci, suka aika wa ƴan'uwansu da ke zaune bisa rairayi tsura.

Wannan aike tsakanin ƴan'uwa an tabbatar da shi tun 1986, lokacin da Alpert da Mooney suka gwada wata shuka mai yaɗo ta tuddan rairayin bakin teku a Kaliforniya. Ɗan da aka hana ruwa ko aka rufe a inuwa ya rayu muddin yana haɗe da ɗan'uwansa mai wadata. Da aka yanke yaɗon, sai ya mutu. A 1996, Stuefer da abokan aikinsa a Holan suka gano har rabon aiki ake yi: ɓangaren da ke cikin danshi amma ba haske ya duƙufa yin saiwa, wanda ke cikin haske amma ba ruwa ya duƙufa yin ganye, su yi musaya, kuma amfanin da suka tara tare ya fi na waɗanda aka raba.

Ita ma kiri-kirin tamu ba a bar ta ba. Dong da de Kroon sun auna ta a 1994, suka samu cewa yaɗon sama shi ne ke sauya siffa gwargwadon haske da taki, na ƙarƙashin ƙasa kuwa bai cika sakewa ba, aikinsa ajiya. Wato ɗaya ɗan aike ne, ɗaya rumbu.

Ba'abzine ba zai yi mamakin wannan tsari ba, domin a kansa gidajen Kel Ewey suka daɗe suna tsaye. Wani na garka, mata na bayan awaki, wani ya bi ayarin gishiri zuwa Fashi da Bilma sannan ya gangara Damagaram da Kano ya sayo hatsi. Shekarar da rijiya ta ja baya, ayari ya ciyar da gida. Shekarar da raƙuma suka rame, garka ta rufa asiri. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Daga ɗakin gwaji zuwa fangali

To, mene ne ruwan mai garkar Dabaga da akwatunan gwaji na Ingila? Ruwansa shi ne kuɗin taki. Takin zamani, wanda muke kira angire, daga waje yake zuwa, kuma kafin ya iso gindin Bagzan ya ratsa ɗaruruwan kilomitoci cikin manyan motoci. Karyewar darajar sefa a Janairun 1994 ta ninka kuɗin duk abin da ake shigowa da shi. A 2022, yaƙin Rasha da Yukiren ya ɗaga farashin taki a kasuwannin duniya. Rufe iyakoki da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya ƙara tsawon hanya da tsadarta. Kashin awaki ma, da yake garake sun yawaita, ya zama haja. Don haka tambayar ita ce, cikin wa wannan taki ke shiga?

Albasa saiwarta gajera ce, ba ta da yawa, ganyenta kuma siriri ne ba ya yin inuwar da za ta danne ciyawa. In aka watsa ure a fangali alhali kiri-kiri na zaune bisa kunya, ita za ta miƙa yaɗo ta shiga, ta yi rassa, ta zuba saiwa daidai inda takin yake, ta kwasa ta aika baya. Mai garka ya biya kuɗin albasa, ya ciyar da ciyawar kunya. Haka kuma wadda ta kafa gindi a bakin hanyar ruwa, inda danshi ba ya yankewa, ita ke shayar da ƴaƴanta da suka yi nisa cikin busasshen wuri. Shi ya sa noman cikin fangali kaɗai ba ya isa. Wanda ya share ciki ya bar kunya da bakin hanyar ruwa, ya kori baƙo ne ya bar masaukinsa.

Saran hauya ma yana da lokacinsa. Kowane guntun kiri-kiri mai gaɓa ɗaya shuka ce cikakkiya. In aka sassare ta aka bar guntayen a ƙasa, aka sako ruwa washegari, an yi mata dashe ne kyauta. Jiji ya fi ta wayo. A carbin ƙwayoyinsa, wadda ta tsiro tana danne sauran su yi barci. Da an tsinke zaren, sai kowace ta farka ta tsiro. Abin da ke kashe su biyun shi ne bushewa, kuma wannan magani Allah ya hore wa Abzin shi ba da kuɗi ba. Fangalin da aka kafce da zurfi a bazara, aka fito da saiwoyi da ƙwayoyi sama, aka hana shi ruwa rana ta gasa su na ƴan makonni, ya fi wanda aka yi wa noma uku cikin danshi tsabta. Taki kuma a bar shi ya ruɓe sosai kafin a kai shi garka, don ɗanyen kashin dabbobi na ɗauke da irin ciyayi.

Akwai wata dabara da ta fito daga ƙasarmu, wadda ta yi daidai da gwajin 1994. A cibiyar ICRISAT ta Sadore, kudu da Yamai, masu bincike sun nuna tun shekarun 1990 cewa ɗan taki kaɗan, kamar giram 6 na 15-15-15, wato cikin marfin kwalbar lemo, in aka sa shi a ramin shuka, yana ƙara amfanin hatsi ƙwarai ba tare da an kashe kuɗin da watsawa ke ci ba. Ramukan tassa da suka bazu a yankin Illela daga ƙarshen shekarun 1980 su ma hikimar ke nan: a tara ruwa da taki wuri guda. Sai dai a garka akwai sharaɗi. Tara taki na amfanar duk wanda ya riga kai saiwa wurin, kuma a wannan tsere mai yaɗo ya fi albasa sauri. Saboda haka a fara da share ciyawa, sannan a sa takin kusa da gindin shuka a rufe shi, a kuma raba azot kashi-kashi maimakon a zuba shi gaba ɗaya ruwa ya tafi da shi.

In kuwa mai yaɗon shi ne abin da aka shuka, lissafin sai ya juya. Dankalin Hausa in ya samu azot fiye da kima, igiya da ganye zai yi ta yi, ƙasa kuwa ba labari. Shi fotas ya fi buƙata, irin wanda ke cikin toka. In igiyarsa ta yi saiwa a kowace gaɓa, ƙarfinsa na rarrabuwa ya haifi ƙananan dankali barkatai, shi ya sa manoma da yawa ke ɗaga igiyar lokaci-lokaci. Na'ana'a kuwa, duk wanda ya taɓa ajiye ta ya san bayan wani lokaci tsakiyar fangalin kan yi sanƙo, gefe ya yi lif, har ta tsallaka wurin maƙwabta. Ta cinye abincin tsakiya ne ta yi gaba. Maganin shi ne a tono ta a rarraba, a sabunta takin, a sake dasawa.

Dabino da gaɓar ƙorama

A wurin dabino ne wannan ilimi ya fi tsada, domin kuskure a nan na shekaru ne. Dabino akwai namiji akwai mace. Wanda ya shuka ƙwallo, kusan rabin abin da zai tsiro maza ne marasa ƴaƴa, matan ma ba lalle su gaji zaƙin uwarsu ba, kuma ba zai gane ba sai bayan shekaru. Ɗan gindi kuwa uwarsa ce sak, jinsinta da ɗanɗanonta. Amma muddin yana manne, daga jikinta yake ci. Uwar da aka bar wa ƴaƴa da yawa a gindi, nonnanta kan ragu. Ɗan da aka cire tun bai yi saiwar kansa ba kuma da wuya ya kama. Masu sanin aikin sukan tara ƙasa mai taki da danshi a gindinsa tun yana jikin uwa, ya zuba tasa saiwar a wurin, sannan bayan ƴan shekaru a yaye shi da kaifin ƙarfe. Wannan ma amfani ne da halin shukar na kai saiwa inda abinci yake.

Sai dai jini ɗaya, cuta ɗaya. Abin da ya kama uwa zai kama ƴaƴanta duka, kuma ɗan dashe na tafiya da ciwonsa duk inda aka kai shi. Farin ƙwaron nan mai manne wa ganyen dabino ya addabi dabinon Abzin har a shekarun 1970 aka shigo da wani ɗan ƙwaro mai cin sa don a rage shi. A Maroko, cutar bayud da ke zaune cikin ƙasa ta hallaka dabino fiye da miliyan 10 cikin kimanin shekara ɗari, kuma jigilar ƴan dashe na cikin hanyoyin yaɗuwarta. Ɗan kasuwar da zai ɗauko dashen dabino daga arewacin hamada ba tare da binciken ma'aikatan kare tsirrai ba, yana iya shigo da abin da zai fi ƙarfin kwari guda.

Ita kanta kiri-kiri, da muka yi ta kai ƙararta, tana da ranarta. A daren 1 zuwa 2 ga Satumba 2009, ruwa mai yawa ya sauka bisa duwatsu, Telwa ta fasa madatsa ta shiga unguwannin Agadas, ta rushe gidaje, ambaliyar kuma ta share garake da rijiyoyi a Dabaga da Tabelot da Cirozerin. Ambaliya irin wannan ba ciyawar da za ta tare ta, sai kwandunan waya cike da duwatsu, su ma wani lokaci ruwan kan fi ƙarfinsu. Amma ba a rana ɗaya ƙorama ke cin garka ba. Kowace damana tana ɗan gutsurar gaɓa, taƙi ɗaya bana, taƙi biyu baɗi. Gaɓar da kiri-kiri ta saƙe da yaɗonta, kaba da goriba suka riƙe da saiwarsu, ta fi gaɓa tsirara jimiri. Kuma halin nan na ciyar da juna shi ke ba ta damar rufe sabon rairayin da ba shi da abinci ko kaɗan, ƴaƴan da ke gaba suna ci daga na baya har su kafu. Ga shi kuma abinci ne mai kyau ga tumaki da jakuna. Wurinta bakin ƙorama ne, ba kunyar albasa ba. Wanda ya sare kaba kakaf don ya faɗaɗa garka zuwa bakin ruwa, ya ci bashin da Telwa za ta zo karɓa.

Kira ga masu karatu

Wannan shafi ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati suka fi karanta shi, kuma kowanensu na da hannu a cikin zancen. Mai sayar da taki a Agadas, ribarsa ta gobe tana ga amfanin da mai garka ya gani yau. Taki na gaskiya, mai rubutun abin da ke cikinsa, a ƙananan ƙulli daidai aljihun talaka, tare da bayanin yadda ake sa shi, ya fi buhun da za a watsa ciyawa ta cinye a ce angire ba ya aiki. Mai sayen albasa kuma ya tuna cewa nauyin buhun da yake lodawa zuwa Yamai ko Abijan an yanke shi ne tun ranar da aka sa taki.

Ma'aikacin gidan gona shi ma ya dace ya sauko daga lissafin hekta zuwa lissafin fangali. Takardar da ta ce a zuba kilo kaza a hekta ta ɗauka cewa ƙasa ɗaya ce daga wannan shinge zuwa wancan, alhali kiri-kiri da ba ta shiga lakwal ba ta san ba haka ba ne. Fangali biyu a gefen juna, ɗaya an watsa masa taki, ɗaya an share kunyarsa an sa masa a gindi, sun fi dogon jawabi gamsar da manomi, don gani ya kori ji. Cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, wadda aka kafa a 1975, da ƙungiyoyin masu garake na Abzin suna da abin da ake buƙata don a yi irin wannan gwaji a ƙasar Telwa kanta, da ruwanta da zafinta. Hukumomin ƙaramar hukuma da na gandun daji kuwa, kare kaba da ciyawar gaɓa aiki ne da bai kai gina madatsa tsada ba.

Ƙasar noma a Dabaga siririya ce, dutse na bayanta, ƙorama na gabanta, ba ta da inda za ta ƙaru. Injin ban-ruwa ya sa ana ɗibar ruwan ƙasa fiye da yadda sa da raƙumi ke iyawa, jama'a kuma na ƙaruwa. Abin da ya rage shi ne kowane mudun taki da kowane gugan ruwa su shiga cikin da aka nufa da su. Allah ya ba mu damana mai albarka, ya sa Telwa ta zo da alheri ta wuce lafiya.